Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Nasiha ga Masu Kwamfuta a Luggere

Ɗana, da ke 'yata, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da na ga ta yaɗu a tsakaninku, ku samari da 'yan matan Luggere da maƙwabtanku na Doubeli da Rumde da Karewa, musamman masu tsallaka gada kullum zuwa Jami'ar Modibbo Adama da masu karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya, watau da zarar kwamfutar tafi-da-gidanka ta fara nawa, ko kuwa shafin intanet ya tsaya yana ta juya 'yar da'irar nan ba ya buɗewa, to, kafin a tambayi dalili an riga an yanke hukunci, an saɓa jaka an nufi kasuwar Jimeta ana cewa a yi mata fomatin, a share duk abin da ke cikinta a sake zuba mata manhaja. Ban ga laifinku ƙwarai ba, gama tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kusan babu ƙofar karatu ko ta neman aiki da ake shiga ba ta wannan na'ura ba, kuma wanda aka ba wa'adin miƙa kundin bincikensa jibi ba shi da sararin dogon tunani. Amma na daɗe ina kallon abin da gaggawar nan take haifarwa na hasarar dukiya da hasarar aiki, har na ga shiru bai kamaci wanda ya riga ku ganin abin ba.

Malamanmu na usulul fiƙhi suna da wata hanya ta gano illar hukunci wadda suke kira sabaru da taƙsimi, ita ce a jero dukkan siffofin da ake zaton ɗayarsu ce illar, sa'an nan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana jarrabawa, duk wadda ta kasa tsayawa a jefar da ita, har ya zama saura guda, a ce to, ga ta nan. Babu hanyar da ta fi wannan dacewa da mai kwamfuta, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma na'ura, duk da abin al'ajabin da ke cikinta, ba ta da zuciyar da za ta yi fushi da kai. Duk abin da ta yi akwai sababinsa, sababin kuwa galibi yana cikin 'yan abubuwa ƙididdigaggu waɗanda mai natsuwa zai iya bi tsakanin la'asar da magariba. Sharaɗin hanyar guda ne, kada ka taɓa abu biyu a lokaci ɗaya. Wanda ya sake layi, ya share manhaja, ya kuma sauya wurin zama duk a zama guda, in abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, in kuwa ya ƙara lalacewa bai san inda zai koma ba.

Rabon farko da ya wajaba ka yi shi ne tsakanin cuta biyu waɗanda alamominsu suka yi kama har ana ɗaukarsu ɗaya, watau nauyin ita kanta na'urar da raunin hanyar da ke sada ta da intanet. Rarrabe su ba ya cin ko kwabo. Ka yanke intanet ɗin ɗungurungum, sa'an nan ka buɗe wata takarda da ka rubuta, ko wani karatu da ka ajiye a cikinta. Idan ta buɗe da hanzari, kibiya tana bin yatsanka ba jinkiri, to, na'urarka lafiya lau take, ka nemi cutar a waje. Idan kuwa a haka ma sai ta yi ta nishi kafin ta amsa, harafi yana fitowa bayan ka daɗe da danna shi, to, ko an jawo maka intanet mafi sauri a duniya har ɗakinka ba zai amfane ka ba. Na sha ganin yaro yana ta sayen data yana zagin kamfanin layi alhali kuwa cutar tana kan cinyarsa, na kuma ga wanda ya biya kuɗin fomatin a ranar da gari duka babu sabis. Dukansu biyu sun bar jaki suna dukan taiki.

To, mu ɗauka binciken ya nuna na'urar ce. Abin da zan fara tuhuma a garin nan, kafin ƙwayar cuta kuma kafin tsufa, shi ne zafi da ƙura. Kun fi kowa sanin yadda Jimeta take a watannin Maris da Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi kan haura digiri 40, iskar da ke tasowa daga kwarin Binuwai ita kanta da ɗuminta, bayan kuwa hunturu ya riga ya shafe watanni yana cusa garin ƙura cikin kowace kafa. A cikin kwamfuta akwai ƙwaƙwalwa mai lissafi wadda take ɗaukar zafi gwargwadon aikinta, da 'yar fanka da ke zuƙo iska ta ƙasa ta fitar ta gefe ko ta baya. Maƙeranta kuwa sun yi mata dabara, idan zafin ya doshi digiri 90 zuwa 100 sai ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, in abin ya faskara ta mutu ɗif. Saboda haka nawar da kake gani da azahar, wadda ba ka ganinta bayan sallar asuba, sau da yawa kariyar kai ce. Na taɓa tsayawa a kan wani mai gyara ya kwance bayan wata kwamfuta da aka kawo masa da sunan bairos, sai ga shi ya sa ɗan hantsaki ya zaro daga bakin fankar wani curin ƙura da zaren bargo, toka-toka, wanda ya dunƙule har ya toshe kafofin gaba ɗaya. Ya hure, ya goge busasshen man nan da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke janye mata zafi, ya shafa sabo, ya mayar da sukurori, na'ura ta tashi garau ba a share ko harafi ɗaya ba. Ke 'yata, da kike ɗora ta a kan katifa ko filo kina karatu har barci ya ɗauke ki, ki sani numfashinta kike toshewa. Ki sa ta a kan tebur ko wani katako, ki ɗan ɗaga bayanta, ki kuma kai a share mata ƙura bayan kowane hunturu, tun bazara ba ta kama ba.

Bayan zafi sai cunkoso. Abin da ake kira RAM misalinsa teburin tela ne, rumbun ajiya kuwa akwatin da yake adana yadudduka. Idan teburin ƙarami ne, aka kuma jibga masa ɗinkin mutum goma, dole tela ya yini yana kai da komowa tsakanin tebur da akwati, ɗinki kuwa na nan inda yake. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake kawo mana daga Ikeja ko Kano gigabait 4 ne RAM ɗinsu, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ta sharɗanta, alhali kuwa kai ka buɗe shafuka barkatai a Chrome, ga waƙa tana tashi, ga kundin bincikenka a buɗe. Ba sai ka tsaya ga zato ba, gama Windows tana da mai shaida wanda zai kai ka ga yaƙini: ka danne Ctrl da Shift da Esc tare, sai allon da ake kira Task Manager ya bayyana, ya jera maka kowace manhaja da kason da ta ci na ƙwaƙwalwa da na RAM da na rumbu da na intanet. Idan ka tarar rumbun ya kafe a kan kashi 100 alhali ba ka kwafar kome, to, mai yiwuwa ne tsohon rumbu ne mai faifai, irin mai juyawa sau 5,400 a minti, wanda da ƙyar yake karanta abin da ya wuce megabait 100 a daƙiƙa, yayin da nau'in da ake kira SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, yakan kai kusan 500. Ra'ayina a nan a fili yake: kuɗin da ya fi albarka a kan tsohuwar kwamfuta shi ne na sauya mata rumbu zuwa SSD, sa'an nan na ƙara RAM ya kai gigabait 8 idan tana karɓa, kuma wanda ya yi waɗannan biyu sau da yawa yakan fasa sayen sabuwa.

A allon nan kuma akwai sashen da ke nuna manhajojin da ke tashi tare da na'ura tun ba a kira su ba. Ka hana waɗanda ba ka bukata. Akwai kuma wani abu da kaɗan ne suka lura da shi, shi ne tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, idan ka danna Shut down ba ta mutuwa sarai, takan adana wani sashe na halin da take ciki don ta tashi da sauri, sai ta tashi da gajiyar jiya. Restart ne yake wanke ta tas. Wanda ya saba rufe murfi kawai, mako ya zagayo bai sake ta ba, da wannan zai fara.

Game da bairos, wanda ake ɗora wa laifin kome, haƙiƙa yana nan, amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagar da na fi gani ita ce filashin da ke yawo daga shagon buga takardu zuwa wani, ka dawo da shi ka tarar fayilolinka duk sun rikiɗe sun zama 'yan alamomi masu kibiya, ka danna ɗaya, ka shigar da ɓarna da hannunka. Sai kuma manhajar sata, wadda aka fasa makullinta ana rabawa kyauta. Ban da shubuhar cin haƙƙin mai ita, wadda na bar wa malamai hukuncinta, ka tambayi kanka me ya sa wani baƙo a wata ƙasa zai raba dare yana fasa makulli dominka, alhali banza ba ta kai zomo kasuwa. Sau da yawa ladansa yana ƙunshe a ciki, wata ɓoyayyiyar manhaja ce da ke satar kalmomin sirrinka, ko take aiki da ƙwaƙwalwar na'urarka da datarka don amfanin maigidanta. Haka nan waɗannan da ke faɗowa kan allo da jan rubutu suna rantsuwa sun gano ɗaruruwan cututtuka, su ne cutar. Mai gadin da ya zo tare da Windows, wanda aka fi sani da Defender, ya wadatar muddin ana sabunta shi, haɗa masu gadi biyu kuwa nauyi kawai yake ƙarawa, don kowannensu sai ya koma binciken ɗan'uwansa.

Idan kuwa binciken farko ya wanke na'urar, to, sai ka tuna intanet silsila ce mai tsawo wadda kowace gaɓa tata tana iya tsinkewa. Saƙonka yana fita daga kwamfuta zuwa wayar da ka mayar hotsifot, ko 'yar na'urar waifai, daga nan zuwa ƙarfen sabis na unguwa, wanda galibi da janareta da man dizal yake rayuwa, daga nan ya bi zaren gilashi da aka binne a gefen hanyoyin mota, inda magina titi kan datse shi ba da saninsu ba, sau da yawa ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa gaɓar teku a Legas, kana ya nutse cikin wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atlantika zuwa inda amsarsa take. Mu da muka ga zuwan wayar salula a 2001 har yanzu abin da ke ba mu mamaki shi ne yadda saƙon yake isa da fari. Ka fara da gaɓar da ta fi kusa da hannunka, ka yi gaba. Ka buɗe shafin nan a kan wayar kanta. In ya buɗe a waya bai buɗe a kwamfuta ba, matsalar tana tsakaninsu, in kuwa ya ƙi a duka biyun, ka gwada wani shafi dabam, don wani lokaci shafin ne kansa ya cika, kamar yadda kan faru da shafukan rajista a ranar ƙarshe, sa'ad da ƙasa duka ta yi musu ca a sa'a ɗaya, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. In duk shafuka sun ƙi, ka ari layin wani kamfani daga abokinka ka gwada a inda kake zaune.

Cikin gaɓoɓin kusa, abin da ya fi aukuwa ya fi kome sauƙi har ana jin nauyin faɗinsa, watau data ta ƙare. Za ka ce jiya ka saya. Ƙwarai kuwa, amma Windows idan ta ga waifai takan ɗauka babu iyaka ne, sai ta shiga saukar da sabuntawarta, wadda wani lokaci takan kai gigabait da dama, tana tare maka hanya tana cinye maka kuɗi kana zaune. Maganinsa ka shiga saitin waifai ɗin ka kunna Metered connection, ka shaida mata da awo ake sayen wannan layi, sa'an nan ka ware lokacin da ka sami data mai sauƙi ka bar ta ta sabunta, gama barin sabuntawa ɗungum wata ɓarakar ce. Bangon siminti da rufin kwano suna raunana sabis, har yakan zama ɗora waya a kan taga ya fi sauya layi amfani, kuma haɗa ta da kwamfuta ta igiyar USB ya fi hotsifot tabbata, ga shi tana samun caji. Waifai kansa galibi zango biyu ne, na 2.4 wanda ya fi ratsa bango amma cunkoso ya yi masa yawa, da na 5 wanda ya fi sauri amma ba ya nisa. Ka lura da lokaci ma, don ƙarfe ɗaya jama'ar unguwa suke rabawa, abin da ka samu bayan asuba ba za ka same shi bayan isha'i ba. Kada kuma lissafi ya rikita ka: da megabit ake auna gudun layi, fayil kuwa da megabait, kuma megabit 8 ne suke yin megabait 1, saboda haka fayil mai megabait 600 a kan layi mai gudun megabit 8 minti 10 zai ci, babu wanda ya cuce ka.

Akwai cuta biyu ɓoyayyu waɗanda suka sha jawo fomatin na zalunci. Ɗaya agogo ne: a cikin kwamfuta akwai ɗan ƙaramin batir kewayayye wanda ke riƙe kwanan wata, idan ya mutu, kamar yadda yake mutuwa a tsofaffin na'urori, sai ta farka tana zaton shekarun baya ake ciki, shafuka masu tsaro kuwa su ƙi buɗewa don takardun shaidarsu ba su dace da wannan kwanan wata ba, ka dubi kusurwar allo ka gyara, shi ke nan. Ɗayar kuma VPN, manhajar da ke karkatar da saƙonka ta wata ƙasa. Tun lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022 mutane da yawa suka saka irin waɗannan manhajoji, wasu kuma don kwaɗayin intanet na banza, aka manta da su a kunne, har saƙon da zai je Abuja sai ya zaga ta Turai.

Gaɓoɓin nesa kuwa ba a hannunka suke ba, kuma sanin haka ma wani hutu ne. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin kwanakin farko na azumin Ramalana, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya raunana a Nijeriya da Ghana da Laberiya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, har wasu bankuna suka kasa biyan bukatun jama'a yadda suka saba, gyaran kuwa sai da ya ɗauki makonni don sai an aika jiragen ruwa na musamman. Duk wanda ya kwance kwamfutarsa a Luggere ranar nan yana neman illa, abin da yake nema yana kwance a ƙasan teku. Saboda haka kafin ka taɓa sukuri, ka leƙa ka tambayi maƙwabcinka ko nasa yana yi.

Ban hana ku zuwa wurin masu gyara ba, akwai ƙwararru masu amana a cikinsu, akwai kuma cutar da ba ta warkewa sai da fomatin; abin da nake so shi ne ku je da bayani a bakinku. Ka ce masa tana nawa ko da babu intanet, tana ɗaukar zafi a gefen hagu, rumbu yana kan kashi 100. Gwani zai ji daɗin wannan, wanda kuwa bai saurara ba ya miƙa hannu ga filashinsa, ka karɓi abarka ka yi gaba. Fomatin shi ne ya fi sauƙi ga mai gyara, shi ne kuma ya fi tsada ga mai kaya. Na ga wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe zaune a kan benci a ƙofar shago, ta rufe fuska da hijabinta, an miƙo mata kwamfuta tana gudu fes, babu kome a cikinta sai hoton allo, kundin bincikenta da bayanan da ta bi ƙauyuka ta tattaro duk sun tafi, mai gyara yana cewa, "Ai Hajiya ba ki ce a kwafe ba." Gaskiya ya faɗa, ba ta ce ba, shi ma bai tambaya ba, garin gyaran gira aka rasa ido. Kafin ki miƙa na'urarki ga kowa, 'yata, ki kwashe hotunanki da sirrinki, ki fita daga imel da asusun banki, ki rubuta girman RAM da na rumbu a gabansa ki duba bayan kin karɓa. Wannan ba mummunan zato ba ne, addininmu ne ya koya mana rubuta mu'amala.

Mai shirin sayen kwamfuta kuwa kada ya yi cinikin biri a sama. Ya kunna ta, ya zare caja ya ga ƙarfin batir, ya haɗa ta da hotsifot ɗin wayarsa a nan cikin shagon, ya kuma tuna Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 ba ta karɓar galibin na'urorin da ƙwaƙwalwarsu ta girmi zubi na 8 na Intel.

Abin da nake roƙonku, ɗana da 'yata, shi ne yau ɗin nan, kafin ku kwanta, ku kwafe kundinku da takardun shaidarku a filashi mai tsabta wanda ba ya zuwa shagon kowa, ku kuma aika wa kanku kwafi ta imel, ko ku ɗora a Google Drive inda mai asusun Gmail yake da gigabait 15, ku riƙa maimaita haka duk ranar Juma'a. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ilimi mai amfani. Wassalam.